Auta da buhun albasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Galmi cikin watan Maris, lokacin da albasa ta fito, ya san yadda ake loda buhu a babbar mota. Buhun yakan haura kilo 100, mutum ɗaya ba ya raba shi da ƙasa. Mutum biyu ne ke kama shi, wannan ta kai, wancan ta gindi, su yi lilo da shi sau biyu, a na uku su aza shi bisa kafaɗar na ukunsu, shi kuwa ya hau katako da shi zuwa cikin mota. Babu mai ƙirga musu, babu mai cewa yanzu. Kowane yana karanta kafaɗar abokinsa da numfashinsa, sai hannuwa huɗu su tashi tare kamar na mutum guda. Aiki ne da ake maimaitawa sau ɗaruruwa a yini, har ba wanda ke ganin akwai wata gwaninta a cikinsa, sai ranar da aka gamu da wanda bai iya ba.

A kakar albasa ta 2019, wani ɗan kasuwa na Birnin Ƙwanni, wanda ya yi shekara 30 yana sayen albasa a Galmi da Tsarnawa yana ƙetarawa da ita Sakkwato, ya zo da ɗansa na ƙarshe domin ya soma koyon sana'a. A gida Auta ake ce masa. Shekararsa 15 a lokacin, ga tsawo ga ƙira, wanda duk ya gan shi sai ya ce don dako aka yi shi. Alhaji ya sa shi cikin ƴan dako kamar yadda nasa mahaifin ya yi masa, domin a ganinsa wanda bai san nauyin buhu ba ba zai san darajar kuɗinsa ba. Auta ya kama gindi, abokin aikinsa ya kama kai. Lilo na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku abokin ya ɗaga, Auta ya makara da kamar ƙiftawar ido. Buhu ya murɗe, ya zame daga kafaɗar mai karɓa, ya sauka masa a ƙafa, ƙashi ya karye.

Alhaji ya biya mai ɗori, ya kuma ɗauki cefanen gidan mutumin har wata biyu. Amma kafin wannan, nan gaban ƴan dako da dillalai da direbobi, ya ɗauke Auta da mari, ya ce Allah ya ba yaron jiki ya hana shi zuciya. Auta bai yi kuka ba, bai ba da haƙuri ba. Ya tsaya yana kaɗa jikinsa gaba da baya, idonsa a kan tarin buhunan da ba a loda ba, can ya ce: «Baba, saura 63.» Da aka ƙirga, 63 ɗin ne. Wannan magana ta fi karayar ƙafar ƙona wa Alhaji rai, don ya ɗauke ta shaida ce ta cewa ɗansa bai damu da ɗan Adam ba.

Ba ranar abin ya soma ba. Mahaifiyar Auta ƴar Illela ce, Illelar Adar, ba wadda ke ƙetaren iyaka ba, kuma ta goyi ƴaƴa 5 kafin shi. Ta san cewa jariri tun yana ɗan watanni, in uwa ta sunkuya za ta ɗauke shi yakan miƙo hannu, in ta aza shi a baya yakan buɗe ƙafa ya manne tun ba ta ja zane ba. Auta bai taɓa yi mata haka ba. Ko dai ya sandare, ko ya saki jiki gaba ɗaya, ita ce za ta gyara masa zama gaɓa bayan gaɓa. Ta faɗa wa uwarta, tsohuwa ta ce kowane ɗa da halinsa.

Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara 4. A makarantar allo, inda yara ke rangaji tare suna ɗaga murya tare, shi kullum ko ya riga ko ya makara, ko da yake yakan riga kowa haddace allonsa. A lakwal, inda ake jera yara da safe a ɗaga tuta su taka ƙafa ɗaya su shiga aji, ƙafarsa ba ta taɓa sauka tare da ta sauran ba. Mushe ya ɗauka raini ne, ya yi ta yi masa bulala, har yaron ya ƙi zuwa yana aji 4, aka ƙyale shi. A masallaci yakan riga liman ruku'u, ko ya tsaya ƙiƙam bayan sahu duka ya sunkuya. In an miƙa masa hannu, nasa yakan iso bayan mai gaisuwa ya soma janye nasa. A gayyar gonar kakansa kuwa, ranar da makaɗi ya sa gangar noma samari suka jeru, hauyarsa ta kusa sarar ƙafar na kusa da shi, aka ce ya koma gindin itace ya tsare tulun ruwa.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Wasu suka ce iska ce ta shafe shi tun yana ciki, wasu suka ce sangarta ce irin ta ƴan auta. Dangin uwa suka ce sammu ne, suka kuma nuna wadda ta yi shi, wato kishiya, har matan biyu suka yi shekara 3 ba su ci tuwo a ƙwarya ɗaya ba. An sha rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya, an kai shi gidan ƴan bori ba da sanin Alhaji ba. Kuɗi sun tafi, yaro yana nan yadda yake.

Mai karatu zai iya cewa rashin iya taka ƙafa tare da jama'a ba laifi ba ne. Haka ne, amma a ƙasar nan jikin mutum ne ke soma ba da shaidarsa kafin bakinsa. Mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Magina suna jefa wa juna tubali daga ƙasa zuwa bisa. Ana ɗaukar jinka, ana jan guga, ana daidaita sahu, ana karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa ba tare da an tsaya ba. Waɗanda suka yi zamanin Samariya, lokacin mulkin Janar Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, sun tuna yadda ake aikin gayya da ganga, kuma wanda ya fita daga layi kowa ya gan shi. Ba Hausawa kaɗai ke haɗa tafiya tare da zama tare ba. A 2009 masu bincike a jami'ar Sitanfod ta Amurka sun sa wasu mutane su zaga makaranta suna taka ƙafa ɗaya, wasu kuwa kowa da irin tafiyarsa. Bayan haka, waɗanda suka taka tare sun fi amincewa da juna da taimakon juna. Saboda haka wanda jikinsa ba ya bin na jama'a, sai a ɗauka zuciyarsa ce ba ta tare da su, a yanke masa hukunci kan halinsa alhali motsinsa kaɗai aka gani.

A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗe su ba sai Disamba 2020. Ƙwanni gari ne mai numfashi da iyaka, ciniki ya tsaya. Alhaji ya juya sauran jarinsa ga siminti: yana ɗauko shi daga Malbaza, buhu mai kilo 50, yana sayarwa a shago. Mutumin da ya saba kwana a hanya ya wayi gari yana zaune bisa benci tun safe har la'asar, ɗansa yana gabansa. A nan ne ɗan dakon da ya karye ya same shi, ya zo gaisuwa yana ɗingishi. Bayan sun gaisa ya ce:

«Alhaji, ni ban riƙe yaron ga da komi ba. Wata biyu ina kwance ina tunanin abin ga. Mu in muna ɗaukar kaya, mutum mu ka dubi. Shi kuwa kaya shi ka dubi. A ba ni shi kwana ukku.»

Alhaji ya ce: «In ya sake karya ka, ba ruwana.»

Dabarar mutumin ba ta da wuya. Kafin su taɓa buhu yakan faɗa wa Auta inda za a aje shi. Sa'an nan ya ƙirga da babbar murya, ɗaya, biyu, uku, da saurin da ba ya sakewa, ba wasa, ba zolaya, ba ƙarin magana. A kan uku suke ɗagawa. Ranar farko sun kuskure sau da yawa, rana ta uku suka sauke rabin mota ba buhun da ya faɗi. Da wani yaron shago ya karɓi wurin ɗan dakon ya riƙa ƙirga yana sauri yana ja don ya ba mutane dariya, nan take Auta ya rikice. Alhaji yana kallo daga bencinsa. Wannan ne karo na farko da ya ga abin yana da ƙa'ida, yana zuwa da dalili yana tafiya da dalili, kuma aljani ba ya bin ƙirga.

Alhaji yana da ƙane ma'aikacin gwamnati a Tawa. Shi ne ya ji wani shiri a rediyo ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin faɗakarwa kan abin da likitoci ke kira otizim. Wasu gidajen rediyon Hausa suna cewa galahanga, sai dai jama'a suna amfani da wannan kalma ga larurori dabam-dabam. Ya kira wansa ya ce: «Yaya, sun yi awa guda suna maganar Auta ba su san shi ba.» Bayan daminar 2020 suka ɗauki yaron da uwarsa, suka yi tafiyar da ta haura kilomita 400 zuwa Yamai. Likitan bai yi hoto ba, bai ɗebi jini ba, domin ba ta nan ake ganewa ba. Ya zauna yana lura da yaron, yana yi wa uwar tambayoyi. Da ya tambaye ta ko Auta yana miƙo hannu sa'ad da za ta ɗauke shi yana jariri, sai ta rufe fuska da gyale. Shekara 16 ba wanda ya yi mata wannan tambaya, ita kuwa tana riƙe da amsar.

Tambayar tana da tarihi. A 1943 wani likita mai suna Leo Kanner, a birnin Baltimo na Amurka, ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali, kuma cikin abin da iyaye suka faɗa masa har da cewa yaran ba sa shirya jikinsu in za a ɗauke su. Tun kafin shi, a 1925, wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta siffanta yara maza 6 masu kaifin ƙwaƙwalwa a wasu fannoni, masu kaɗaici, masu nauyin gaɓoɓi wajen wasa da aikin hannu. Otizim ba ciwon hauka ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun farkon rayuwa, wanda ke shafar mu'amala da magana, da son a maimaita abu ɗaya ba canji, da yadda mutum ke jin ƙara ko taɓi. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila tun 1977 ya nuna gado yana da babban rabo a ciki. Zancen cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi ya samo asali daga wani rahoto na 1998 wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, bayan an tabbatar ba shi da tushe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi. A lakwal mai ɗalibi 500, mai karatu ya yi lissafi da kansa.

To mene ne haɗinsa da buhu? Mutum biyu ba sa ɗaga kaya tare ta hanyar jiran juna, domin wanda ya jira ya ga abokinsa ya ɗaga ya riga ya makara. Kowane yana hasashen abin da ɗayan zai yi kafin ya yi, yana gyara kuskurensa cikin abin da bai kai daƙiƙa ba, kuma duk wannan ba da saninsa ba. A nan ne masu otizim da yawa ke samun cikas. A 2013 masu bincike a jami'ar Kanetikat ta Amurka sun zaunar da yara bisa kujerar lilo, kowane kusa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa da ke karanta masa labari tana lilo a tata kujerar. Sauran yara sukan faɗa cikin lilon iyayensu ba wanda ya ce su yi; masu otizim ba su cika yin haka ba. A 2021 wasu a Jami'ar Ibraniyawa ta birnin Ƙudus sun sa mutane su riƙa buga yatsa suna bin ƙarar na'ura. Masu otizim suna bin bugun, amma sun fi jinkirin gyara ɗan kuskurensu, kuma in an sake saurin bugun sukan daɗe ba su kama sabon ba. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake rawa sai ta sake. Ga Auta da irinsa sakewar ce ke da tsada. Ɗan dakon da bai taɓa shiga aji ba ya gano haka yana kwance da ɗori: ya fito da ƙirgan da kowa ke yi a ɓoye ya sa shi a baki, ya kuma hana kiɗan sakewa.

Akwai wani abu da likitan ya faɗa wanda ya hana Alhaji barci a hanyar komowa. Ya ce halayen nan ba bango ba ne da ya raba mutane gida biyu. Suna warwatse cikin jama'a, wani kaɗan, wani da yawa. A 2001 masana a jami'ar Kambirij ta Ingila sun tsara tambayoyi 50 na auna su, aka ga ko cikin mutanen da ba wanda zai kira marasa lafiya akwai mai yawa akwai mai kaɗan. A 2017 masu bincike na Hong Kong da Japan sun ɗaura wa mutane na'ura a ƙafa, suka sa su tafiya biyu-biyu suna hira; waɗanda halayen suka fi yawa gare su, takunsu bai cika daidaita da na abokin tafiya ba. Alhaji ya tuna wani baffansa baduku, wanda bai taɓa zuwa gayya ba, bai iya zaman fada ba, ana ce masa mai girman kai har ya mutu, amma ɗinkinsa ba a taɓa mayar masa da shi ba. Kowane ofis yana da irinsa: sakataren da ba a taɓa kama shi da kuskure a takarda ba, wanda kullum yake karo da mutane a ƙofa, yake shiga magana ba a wurin shiga ba, shekara 20 ba a ƙara masa girma ba don an ce ba ya da mutane.

Wajibi ne a yi hattara a nan. Ba duk mai nauyin jiki ne ke da otizim ba, ba kuma duk mai otizim ne gwanin lissafi kamar Auta ba. Wasu ba sa magana har girmansu, suna bukatar mai kula da su tsawon rayuwa, kuma iyayensu suna ɗauke da nauyin da ya wuce na buhu. Babu ƙwayar magani da ke kawar da shi. Wanda ya ce yana da ita, aljihu yake nema. Ana gano shi ga maza ninki 3 ko 4 fiye da mata, amma masana suna ganin ƴan mata da yawa suna wucewa ba a lura ba. Yarinyar da taɓaryarta ke karo da ta sauran a lugude, wadda ba ta iya tafi a gaɗa ba, ba likita ake kai ta ba: suna ake sa mata, sunan ya bi ta har gidan miji.

A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar ta fuska biyu ce: yadda mai otizim ke wahalar karanta jama'a, haka jama'a ke wahalar karanta shi, sai dai su suna da yawa, don haka shi ake ɗora wa laifi. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In jinka ta karkace, kowa yakan dubi wanda ya makara, ba a tambayar ko sauran sun yi masa alamar da zai iya gani. Mushen da ke da irin wannan yaro a aji, maigidan da ke da shi a shago, shugaban da ke da shi a ofis, abin da ake nema gare su ba ya cin ko dala: a faɗi abu da baki maimakon a jira ya karanta a fuska, a sanar da shi kafin a sake tsari, a bar shi da abokin aiki ɗaya da ya saba da shi, a aje bulala.

Ba duk abin da ya ɓace aka samo ba. Auta bai koma lakwal ba, kuma har yau in wani ya ɗaga hannu kusa da shi yakan kare fuska. Uwarsa ta je ɗakin kishiyarta ta nemi gafara, an yafe da baki, zumuncin bai koma kamar da ba. Amma littafin shago yana hannunsa, ba buhun da ke shiga ko fita bai sani ba. A masallaci yana tsayawa ƙarshen sahu jikin bango, an koya masa ya bi muryar kabbara ya daina leƙen na kusa da shi, kuma ya daina riga liman.

Uba a ƙasar Hausa ba ya cewa ɗansa ya yi haƙuri, Alhaji ma bai ce ba. A kakar albasa ta 2021, bayan an buɗe iyaka, ya koma Galmi da Auta, wurin nan dai, gaban ƴan dakon nan dai. Da aka zo lodi ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa direba, mutumin da rabonsa da ɗaukar buhu an yi shekara 25. Dillalai suka ce: «Haba Alhaji, ga yara.» Bai kula su ba. Ya kama kan buhu, ya ce wa Auta ya kama gindi, ya nuna masa kafaɗar da za a aza shi, sa'an nan ya soma ƙirga da ƙarfi, a hankali, yadda kowa zai ji. Buhu uku suka ɗaga kafin bayansa ya ƙi. Ya zauna bisa tabarma yana haki, ya tambayi ɗansa saura nawa.